Ka Bari In Ƙarasa Da Bakina

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take tsaka, raɓar da ke sauka a kan busasshiyar ciyawar zuciyata, tauraron da ya fi 'yan'uwansa jinkirin ɓacewa da asuba! Zuwa gare ka, Mai Gam, ma'abocin yatsu masu danƙo da zuciya mai taushi, wanda a yau nake jin haushinsa fiye da kowa a doron ƙasa.

Ina yi maka sallama, don ita ba a hana ta ko ana tsakiyar faɗa. Bayan haka, fushi nake yi da kai. Na ja wa kalmar layi biyu a ƙasa don kada ka ce idonka bai kai wurin ba. Ka san ni, ko kaza ce ta taka min ƙafa ni ce mai ba ta haƙuri. Amma yau kwana huɗu ke nan, tun ranar Asabar da ka zo gidanmu, zuciyata take tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Laifinka guda ɗaya ne tak: ba ka barina in ƙarasa magana. Tun da aka yi min tiyatar harshe, ban taɓa ɗauko zance a gabanka na kai shi ƙarshe da kaina ba. Kai kake karɓe shi a hanya ka kai min, kamar mai tsallakar da tsohuwa titi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Don haka nemi wuri ka zauna, goge gam ɗin hannunka, ka karanta har ƙasa. A takarda ai ba ka isa ka katse ni ba!

Ka tuna shagon babanka kafin duk wannan ya faru? Kantoci uku na littattafan haya, fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya, da teburinka can ƙurya inda kake zama da gwangwanin gam da allura da zare kana yi wa littattafai ɗori. Nakan shigo bayan an tashi daga makaranta, kaina a sunkuye, in ajiye wanda na karanta, in ɗauki wani, in fice kamar wadda ta yi sata. Babanka har suna ya sa min, wai Baƙuwa, don shekara guda ina zuwa bai san kalar muryata ba. Kai kuwa ko kallonka ba na iya yi. Abin da na sani a jikinka a lokacin shi ne takalminka, da tabon tawadar da ke babban yatsanka.

Sai ranar da na ɗauki littafin nan mai koren bango, wanda ɓera ya cinye masa shafukan ƙarshe. Na kai inda jarumar ke kwance rai a hannun Allah, na juya shafi, sai ga rubutun hannu da shuɗin biro, shafi huɗu cif, an ɗinke su a ciki tsaf kamar da su aka haifi littafin. Jarumar ta tashi, ta warke, aka yi aure, kowa ya koma gida yana dariya. Na san rubutun, irin wanda ke jikin takardun da kake mannawa a bayan littattafai ne, mai karkata gefe ɗaya kamar dawa a cikin iska. Daga baya na ari na ƙawata wanda bai yage ba, na ga ashe a wurin marubuciyar mutuwa yarinyar ta yi. Allah ne kaɗai ya san inda na samo ƙarfin halin da na ɗauki fensir na rubuta a ƙasan rubutunka: "Ba haka marubuciyar ta ƙare shi ba." Mako na zagayowa na tsinci 'yar takarda a cikin littafin da na ɗauka: "Na sani. Kasa barinta ta mutu na yi."

Wayyo, Mai Gam! A ranar ne zuciyata ta fice daga ƙirjina kamar kurciyar da aka buɗe wa keji, ta je ta sauka a kan teburinka tsakanin almakashi da gwangwani, kuma har yau ba ta dawo gida ba. Na ce a raina, ashe akwai namijin da ba ya iya ganin abu a yage ya wuce? Saboda wannan halin na so ka. Saboda shi ɗin ne kuma yau nake jin kamar in jefe ka da takalmi.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda ba ka taɓa bari na gaya maka ba.

Wata huɗu na yi da gyambon nan a gefen harshena kafin kowa ya sani. Da farko na ɗauka cizo ne. Na daina cin yaji, na koma tauna da ɓari ɗaya, na yi shiru, don shiru ba baƙona ba ne. Da Mama ta lura ina yamutsa fuska wajen cin abinci, mai kemis ya ba mu maganin kurkure baki. Gwaggo ta leƙa bakina ta ce zafi ne, kuma alawa ta yi min yawa. Likitar haƙori ce ta haska fitilarta, ta taɓa wurin da yatsa, sai na ga murmushinta ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Bayan kwana goma babban likita ya zaunar da mu a ofishinsa mai sanyi, ya dubi Mama, ya dubi Baba, ya ce ciwon daji ne. Ni da ke ɗauke da harshen, ko sau ɗaya bai dube ni ba, sai da zai ce in buɗe baki. Ya ce galibi manya ne masu shan taba suke kamuwa da shi, amma yakan faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ni, 'yar shekara sha bakwai, wadda ko hayaƙin shara ke sa tari! Kuma ka san abin da maƙwabciyarmu ta ce wa Mama a bakin famfo? Wai, "Ikon Allah, yarinyar da ba ta magana ma, me harshen ya yi?" Kamar dai da ni mai surutu ce da na cancanta.

Ana gobe tiyata, da rana, wata nas mai kirki ta ce in ɗauki muryata a waya, don ba lallai ta dawo yadda take ba. Na karanta shafi ɗaya na littafi, na tura maka. Da la'asar ka zo ka tsaya a ƙofar ɗakin, riƙe da littattafai biyar kamar wanda zai raka ni tafiyar shekara. Yaya ta ja Mama waje da dabara, wai su je neman ruwan zafi. Muka saura ni da kai da tsohuwar da ke barci a gadon gefe. Akwai maganar da ke bakina a ranar, ta hau har kan harshe, lafiyayyen harshe cikakke wanda babu sautin da ya gagare shi. Me na ce maka? "Na gode da littattafai." Shi ke nan! Shekara sha bakwai ina da harshe kamar kowa, na ƙarar da shi a kan sannu da na gode da to. Wace irin asara ce wannan? Wace irin kunya ce wannan, mai cinye wa mutum dukiyarsa yana kallo?

Awa tara na yi a ɗakin tiyata. Suka yanke kusan rabin harshen, suka yanko fata daga cikin hannuna na hagu suka cike gurbin, suka tsaga wuyana daga ƙasan kunne suka kwashe abin da suke tsoron ciwon ya tsallaka gare shi. Na farka da roba a hanci wadda ta nan abinci ke shiga, da wata a maƙogwaro wadda ta nan nake numfashi, da wani abu a bakina mai nauyi kamar an cusa min soson wanka. Kwana goma sha ɗaya ban furta ko harafi ba. Allon roba suka ba ni da alƙalami. A littattafan da muke karantawa, jaruma takan kwanta a gadon asibiti tana ƙara kyau, gashinta a baje a kan matashi, tana magana ƙasa-ƙasa mai narkar da zuciya. Ƙarya suke yi! Babu marubuciyar da ta taɓa rubuta yawu. Babu wadda ta rubuta tawul ɗin da ake sa wa mutum a ƙasan haɓa kamar jariri, ko yadda ake koya wa budurwa haɗiyar ruwa da ƙaramin cokali tana ƙwarewa, nas tana cewa, "Yawwa, 'yar gari, saura cokali biyu."

Bayan nan aka shiga gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken wata na'ura. Sau talatin na kwanta a ƙarƙashin na'urar nan, an rufe min fuska da wata raga ta roba an ɗaure ta a jikin gado don kada in motsa, haske yana gasa inda ciwon ya zauna. Bakina ya yi gyambo, yawuna ya ƙafe, komai na sa a baki sai in ji kamar kwali. Har yau da gorar ruwa nake yawo kamar matafiyi.

Ba zan ci haƙƙinka ba, hasken rayuwata, don fushi bai sa na zama maƙaryaciya ba. A duk wannan ba ka gudu ba. Ƙawayena biyu sun zo sau ɗaya, suka kalli wuyana, suka kalli agogo, ban sake ganin ƙeyarsu ba. Kai kuwa ka tsaya kamar bishiyar da guguwa ta gaji da ita. Ranar da aka cire bandejin wuyana ka kalli ɗinkin ido cikin ido, ka ce aikin likitan bai kai naka kyau ba amma ya yi ƙoƙari. Na yi dariya har sai da nas ta kore ka. Wannan ranar tana nan a ajiye a zuciyata kamar turaren da ake tsoron buɗewa kada ya ƙare. To, don me mutumin da bai ji tsoron tabona ba yake tsoron muryata?

Kar ka musa. Tsoronta kake yi.

Malamar da ke koya min magana a asibiti, mace ce gajera mai tabarau da madubi a aljihu, kuma ba ta da wasa ko kaɗan. Takan sa ni gaban madubin in ɗaga harshe, in sauke, in kai shi gefe, in maimaita kalma ɗaya sau arba'in har hawaye ya zubo. Ranar farko ta tara mutanen gidanmu ta kafa musu doka. Ta ce, "Harshen nan jariri ne mai koyon tafiya. Duk wanda ya ɗauke shi don tausayi, shi ya gurgunta shi. Ku bar ta ta faɗi, ta tashi." Kuma kowa ya ji. Baba, wanda ba a kashe masa rediyo ko gobara ake yi, yanzu da na buɗe baki sai ya miƙa hannu ya murɗe ta. Mama takan tsayar da keken ɗinkinta ta ɗora hannu a cinya. Kai, har Yaya! Yaya da Baba ke cewa an haife ta ne tana tsakiyar labari! Sai ka ga ta cije leɓe, tana jijjiga ƙafa, kalmar tana yi mata ƙaiƙayi a baki, amma ta daure har in iso. Idan na iso ta ce, "To, Hajiyar jinkiri, mun ji, sai a ba mu hanya." Wannan tsokanar ta fi min zuma daɗi, don wadda ake tsokana ita ce ake ɗauka mutum.

Kai kaɗai ka gagara. Kai da na fi so ka ji ni.

In na ce "Yau na je," sai ka ce, "Asibiti, na sani." In na ce "Littafin nan," sai ka ce, "Ya yi daɗi ko? Na san zai miki." Bai min ba! Cewa zan yi jarumin sakarai ne! Wata uku ke nan kana hira da wata yarinya da ka ƙirƙira, mai yarda da duk abin da ka ce, mai son duk littafin da ka kawo, wadda kullum ta gaji kuma kullum ƙishirwa take ji. Ni kuwa ina zaune a gefe ina kallonku kamar 'yar rakiya.

Sannan ga maganar shafukan da ka manne. Ka ɗauka ban gani ba? Littafin da ka kawo min makon jiya, daga shafi na tamanin da uku sai na tsinci kaina a na tamanin da takwas. Na ɗaga shi a hasken taga, sai ga shafuka an shafe su da gam an haɗe, aiki mai tsafta irin naka, ko kumfa babu. Na kara shi a tururin butar shayi na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Me ke ciki? Mahaifiyar jarumar ce ta kwanta ciwo aka kai ta asibiti. Haba, Mai Gam! Ni za a ɓoye wa asibiti? Ni da na san yawan fale-falen silin ɗin ɗakin gashi, na san wace nas ce mai sanyin hannu wajen allura, na san ƙarar keken da ke kawo magani tun yana ƙarshen baranda? Kifi kake ɓoye wa ruwa?

Duk wannan na haɗiye, da sabon haɗiyata mai wahala. Ranar Asabar ce ta karya min haƙuri.

Akwai jimla ɗaya da na yi kwana tara ina koya saboda kai. Ita ce wadda na kasa faɗa ana gobe tiyata. Na kai wa malamata ita a rubuce, fuskata kamar ta kama da wuta. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Lallai yarinya. To, tunda abin na yi ne, mu yi shi da kyau." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka rarraba ta gaɓa-gaɓa. Na faɗa wa madubi, na faɗa wa ƙofar banɗaki, na faɗa wa kyanwar gidanmu har ta gaji ta bar min ɗakin. Ranar Asabar na sa rigata mai ruwan toka wadda ka taɓa cewa ta yi kama da hadari, ban rufe wuyana da gyale ba, na zauna a kujerar da ke fuskantar taka. Mama na can ɗakin ɗinki, ƙofa a buɗe, keke na ta ƙara. Na kurɓi ruwa. Na ja numfashi kamar yadda aka koya min. Na fito da kalma biyu lafiya lau, ta uku ta maƙale.

Daƙiƙa nawa na yi ina kokawa da ita? Uku? Huɗu? Ta kusa fitowa, wallahi ta kusa, ina jin ta tana juyowa. Sai ka miƙe zumbur kamar an tsikare ka, ka ce, "Ruwa? Bari in ƙaro miki." Gorar tana hannuna a cike! Ka dawo da kofi. Na sake ɗaukowa daga farko, na sake isa wurin, sai ka ɗaga hannu ka ce, "Na gane, na gane, kar ki wahalar da kanki." Me ka gane? Faɗa min, don Allah, me ka gane? Sannan ka leƙa ɗakin ɗinki ka ce wa Mama, "Mama, ta gaji, bari in bar ta ta huta." Ka sa takalminka ka tafi kana jin ka yi aikin lada. Ni kuwa na zauna da kofi a hannu ɗaya, gora a ɗaya, da maganar kwana tara a maƙale a wuya kamar ƙayar kifi. Mama ta fito ta dube ni, ta dubi rigar, ta karɓi kofin kawai. Wannan karɓar kofin ta fi komai sa ni kuka.

Likita ya yanke min rabin harshe don ya ceci raina, kuma sai da ya nemi izini aka sa hannu a takarda. Kai wa ya ba ka izinin yanke sauran?

Na san dalili, ya sanyin zuciyata, kuma saninsa ne ya hana fushin nan zama ƙiyayya. Ina ganin idonka idan na fara magana, yadda yake gudu ya ɓuya a ƙasan tebur. Ba ƙyama ba ce, na san ƙyama, na gan ta a fuskar mutane a cikin mota. Ciwo ne. Kana jin kowace kalma da nake ja kamar a naman jikinka ake jan ta, sai ka yi abin da hannunka ya saba: ka ga wuri a yage, ka ɗauko biro ka cike. Yaya ta ce ta biyo ta shagonku ta same ka a ƙurya, waya a kunne, kana sauraron shafin nan da na karanta kafin tiyata, har ba ka ji sallamarta ba. Da ta faɗa min, da farko na ji daɗi. Daga baya kishi ya kama ni. Wannan yarinyar ta cikin wayarka, mai zaƙin murya kamar sarewa, me ta taɓa faɗa maka? Littafin wata ta karanta maka! Matsoraciya ce, ta samu dama ta ce na gode da littattafai. Ni ce na kwanta ƙarƙashin wuƙa, ni ce aka ɗaure wa fuska sau talatin, ni ce na yi kwana tara ina sassaƙa maka magana ɗaya kamar mai sassaƙa turmi da farce. Ita kake saurare har ƙarshe, ni kuma ka katse?

Ba na ce ka goge ta ba. Ajiye ta, ni ma wani lokacin ina kewarta. Amma kar ka zauna jiranta, ba za ta dawo ba. Na tambayi malamata gaba da gaba, ta ce muryar za ta ƙara fitowa, za ta ƙara sauri, amma ba za ta koma ta da ba. Wannan mai nauyin, mai jan ƙafa kamar wanda ya taso daga barci, ita ce tawa, kuma da ita zan yi maka magana har iyakar kwanakin da Allah ya ɗiba min.

Su kwanakin nawa ma, ka daina rubuta musu ƙarshe. Kullum sai ka ce, "Ai kin warke, an gama." Ba a gama ba. Duk wata sai na koma likita ya lalube wuyana da yatsunsa masu sanyi, ina kallon fuskarsa ina neman abin da ta ɓoye. Ya ce sai an shekara biyar ba a ga komai ba kafin a saki jiki. Ina sa rai, ina addu'a, ina cin abincina markaɗaɗɗe ko ba na jin ɗanɗanonsa. Amma akwai ranakun da tsoro ke zama a ƙirjina kamar dutse, kuma ina so in samu wanda zan ce wa ina jin tsoro, ya bari in kai ƙarshen kalmar, kada ya toshe min baki da albishir. Ni ba littafin haya ba ce da ɓera ya ci. Shafukana ba su ɓata ba, rubuta su ake yi, a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ga abin da nake roƙo, ya ruwan farkon damina, ya iskar da ke riga hadari isowa. Ban ce ka kawo littafi ba. Ban ce ka kawo magani ko nasiha ba. Ka zo ranar Asabar da hannu biyu, ka zauna a kansu in ta kama. Idan na maƙale, ka dube ni, kar ka dubi ƙasa. Idan yawu ya zubo, ina da hankici, na iya gogewa. Idan ba ka ji abin da na ce ba, ka ce, "Ban ji ba, sake." Wallahi wannan kalmar ta fi min "na gane" sau dubu, don mai cewa a sake shi ne mai son ya ji. Idan abin ya ba ka dariya, yi dariyarka, ni ma wani lokacin dariya yake ba ni. Idan ya sa ka kuka, yi kukanka a gabana, ka daina kai wa gwangwanin gam. Abu ɗaya ne ban yarda ba: ka taya ni.

Kar kuma ka duba ƙasan takardar nan kana neman jimlar. Ba ta ciki. Na san da na rubuta ta da na huta, alƙalamina ba ya maƙalewa, kuma da takarda muka saba tun farko. Amma na yi wa kaina alƙawari ba za ta bi ta biro ba. Da wannan bakin za ka ji ta, mai ɗinki, mai faci da fatar hannu, ko kuwa ba za ka taɓa jin ta ba har abada.

Ni dai taka ce. Ko ka zo ko ba ka zo ba, babu wani wanda zan yi wa kwana tara gaban madubi. Kogi zai iya mantawa da hanyar teku, wata zai iya mantawa da ranar tsayuwarsa, amma zuciyar nan ba ta san wata ƙofa ba bayan taka, kuma ba ta da niyyar koyo. Zan riƙe amanarka da ragowar harshena da dukkan raina, a cikin lafiya da a layin asibiti, a ranar da sakamako ya yi kyau da ranar da muke jiran sa. Sai dai ka sani, shirun da ka san ni da shi ya ƙare. An biya shi da tsada, ba zan koma masa ba, ko don kai.

Kafin in naɗe takardar nan na karanta ta da baki, daga sallama har nan, Yaya na riƙe da agogo tana toshe dariya da gyale. Minti hamsin da uku ta ci, da kurɓar ruwa sau goma sha ɗaya. Kai na san a minti goma za ka gama ta. Abin da zan faɗa maka ranar Asabar bai kai layi ɗaya ba, amma ban san tsawon lokacin da zai ɗauka ba, kuma ba zan yi sauri ba. Ka ce wa babanka za ka daɗe.

Taka har numfashin ƙarshe, mai fushi da kai, mai jiran ka a kujerar da ke fuskantar taka,

Baƙuwa